Na Kwafi Kuskuren Mai Lamba Goma Sha Uku

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin kwana tara kawai suka rage mini. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Na rasa wanda zan gaya wa ne, don duk wanda na duba a gidanmu sai in ga murna a fuskarsa, sai in fasa.

Shekaruna ashirin da shida, ina aiki a wani shagon buga takardu. Babanmu mai gyaran rediyo da talabijin ne. Ina 'yar shekara goma sha uku wani mutum ya kawo masa gyaran ƙaramin fiyano mai aiki da lantarki, bai sake dawowa ba. Aka jingine shi a bayan shago tare da matattun rediyoyi. A kansa na koyi kiɗa, ba malami, ba littafi. Baba zai gwada rediyon wani, waƙa ta fito rabin minti ya kashe, ni kuma in zagaya baya in nemo ta da yatsu. Har yau a gida Kaset ake kirana, wai duk abin da ya shiga kunnena sau ɗaya sai na maido shi yadda yake. Maɓallai biyu na fiyanon matattu ne tun zuwansa. Na roƙi Baba ya gyara har na gaji, kullum sai ya ce ba shi da lokacin kayan wasa, kuma kiɗan da ba shi da takarda hayaniya ce kawai mai daɗi.

Bana na ga sanarwa cewa wata jami'a tana ɗaukar ɗalibai a sashen nazarin kiɗa. Gwaggona ce ta tsaya mini, ta yi ta zarya wajen Baba har ya amince, amma da sharaɗin sau ɗaya zan gwada, in ban samu ba in rufe maganar har abada. Ya ce ya yarda ne saboda wannan karatu ne, da takarda da biro.

A nan na fara yi wa kaina rami. A cikin fom ɗin akwai tambayar ko mai nema ya iya karanta rubutun kiɗa, wato ɗige-ɗigen nan da ake jerawa a kan layuka biyar. Na amsa da eh. Malama, ban iya ba. Na ji tsoron kada su jefar da fom ɗina tun ba su ji ni ba, na ce ai wata uku ne kafin ranar gwaji, zan koya. Na sayi littafi, na san sunan kowane layi, amma karatuna irin na ɗan aji ɗaya ne, ina bi da yatsa ina ƙirga. Layi guda sai ya ci mini kwata na awa.

Ranar gwajin ni da Gwaggo muka je. Aka jera mu a wata doguwar baranda kan kujerun roba, aka maƙala wa kowa lamba a ƙirji. Ni ce goma sha huɗu. Kowa ya zo da jakar takardun kiɗa, ni kuwa daga ni sai yatsuna. Kusa da ni wata doguwar yarinya ce mai tabarau, mai lamba goma sha uku, yarinyar kirki, har ruwanta ta ba ni na sha. Gwaggo tana ta yi mini raɗa wai in daina kaɗa ƙafa kamar mai ɗinkin keke.

Ƙofar ɗakin gwajin ba ta rufuwa da kyau. Da aka kira goma sha uku, muka matsa gaba, sai kujerata ta zama ita ce ta bakin ƙofa. Na ji ta kaɗa waƙoƙinta biyu. Daga nan sai na ji ta fara wata gajeriyar waƙa a hankali, wadda ban taɓa ji ba. Wallahi ban kasa kunne da niyya ba. Kunnena ba ya neman izinina.

Da na shiga na tarar da malamai uku a bayan tebur: wani dattijo mai furfura, wata mata mai fensir a hannu, da wani matashi. Fiyanon nan babba ne, duk maɓallansa suna da rai, har na so in yi kuka. Na kaɗa waƙoƙina biyu, na ga dattijon ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Sai matashin ya taso ya ɗora mini takarda a gabana, ya ce in duba na minti ɗaya in kaɗa abin da ke ciki. Na duba na ga kamar tururuwa ce ta hau layi. Na ƙirga ɗigo uku na farko da kyar, sai na gane ai waƙar da na ji ta bakin ƙofa ce. Ya kamata a nan in tsaya in faɗi gaskiya. Maimakon haka na kafa wa takardar ido, ina tafiyar da kaina daga hagu zuwa dama kamar mai karatu, na kaɗa ta daga farko har ƙarshe ba gargada. Matar ta ajiye fensir ta dubi dattijon. Ta tambaye ni wa ya koya mini, na ce ni na koya wa kaina. Suka yi godiya na fito ina jin kamar in tashi sama.

A bakin get na sake haɗuwa da mai lamba goma sha uku, idonta ya yi ja. Ta ce ta ɓata gwajin takarda: a layi na uku ta taɓa maɓallin da ba shi ba, ta ɗan tsaya, ta maimaita, alhali babu tsayawa ko maimaici a wurin. Har ta rera mini yadda ta yi. Malama, haka ni ma na kaɗa shi, da kuskuren, da tsayawar, da maimaicin. Na ɗauka haka waƙar take, har na ƙara wa wurin ado.

Shekaranjiya saƙo ya zo daga sashen. Ba su ce an ɗauke ni ba, ba su ce an ƙi ni ba. Sun ce in dawo ni kaɗai don ƙarin gwaji. A gida an ɗauka alamar nasara ce. Baba yana gaya wa duk wanda ya kawo rediyo cewa malaman jami'a sun sake neman 'yarsa. Jiya na shiga shago na tarar ya kwance fiyanon a kan teburinsa, ya gyara maɓallan nan biyu, bayan shekara goma sha uku. Ya turo mini shi ya ce in gwada.

Yanzu ban san abin yi ba. In na je, asirina zai tonu a gabansu. In na ƙi zuwa na ce ba ni da lafiya, damar ta tafi, Baba kuma ba ya maimaita magana. Na yi tunanin in ɗauki hutu a wurin aiki in haddace littafin nan cikin kwana tara, amma na san kaina. In na tuna fuskar Baba sai in ji gara ƙasa ta tsage. Me zan yi?

'Yar mai gyaran rediyo

Ƙanwata,

Na aika miki da amsar nan ranar da wasiƙarki ta iso saboda ƙurewar lokaci, ina kuma buga ta a nan bayan na sauya abin da zai sa a gane ki.

Mu fara raba abubuwa biyu da kika cakuɗa. Jin waƙa ta ƙofar da ba ta rufuwa ba laifinki ba ne. Laifinki shi ne amsar da kika bayar a fom, da kuma yin kamar kina karanta takardar. Ba zan rage miki nauyinsa ba. Malaman nan suna raba gurabe kaɗan ne tsakanin mutane da yawa, wasu sun shekara goma suna koyon abin da kika ce kin iya. Suna da haƙƙin su ji haushi, suna da haƙƙin su ƙi ki.

Amma kina tsoron tonuwar asirin da nake ganin ya riga ya tonu. Mutum uku da sauraro ne sana'arsu sun ji kuskure iri ɗaya, a wuri ɗaya, sau biyu cikin minti goma. Ban san abin da ke ransu ba, sai dai da korarki kawai suke so, layi ɗaya ya ishe su. Mai yiwuwa suna so su tabbatar da zarginsu, mai yiwuwa kuma suna so su ga iyakar wannan kunne, domin ɗauke waƙa da ji ɗaya ta bayan ƙofa ba abu ne da suke gani kullum ba. Ko wanne ne, takardar da za su ba ki sabuwa ce, kuma babu kowa a gabanki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka ki cire ciwon ƙarya da haddar kwana tara daga lissafi. Yau ki rubuta wa shugaban sashen gajeriyar wasiƙa, ba kuka, ba dogon tarihi. Ki ce amsar da kika bayar a fom ba gaskiya ba ce, karatunki na mafari ne. Ki faɗi yadda kika ji waƙar. Ki bayyana ƙarara cewa mai lamba goma sha uku ba ta san komai ba. Wannan bai zo a wasiƙarki ba, alhali shi ya fi gaggawa: an gan ku zaune tare, ana iya zaton haɗa baki kuka yi, yarinyar da ta ba ki ruwa ta rasa gurbinta a kanki. Daga ƙarshe ki tambaya ko suna da ajin share fage ga masu rauni a karatun kiɗa, ko za su bari ki sake nema baɗi.

Sannan ki je ranar da suka sa. Kwanakin da suka rage ki nemi malami ki zauna da shi awa ɗaya kullum, don ki nuna musu karatunki na gaskiya, ko da kina bi da yatsa ne. Ana koyon karatun kiɗa cikin watanni in an dage. Abin da kike da shi ne ke da wuyar koyarwa.

Saura Baba. Ki gaya masa kafin ranar, ba bayanta ba, Gwaggo tana zaune in hakan zai ba ki ƙarfi. Zai ji zafi, kuma ki yarda yana da gaskiya a wani ɓangare: takardar da yake ta magana a kai ita ce ta kama ki. Ba zan yi miki alkawarin zai janye sharaɗinsa ba. Amma ke kika tashi a shagonsa, kin san wanda ya fi ɓata wa mai gyara rai: ba wanda ya kawo rediyo a lalace ba ne, wanda ya ɓoye cewa rediyon ya faɗa ruwa ne, ya bar shi ya kwance ya gano da kansa. Kada ki bari ya gano da kansa. Ban kuma yi tsammanin saƙon jami'a kaɗai ne ya sa ya gyara maɓallan nan ba. Shekara goma sha uku yana jin ki ta bayan shago kina tsallake su, shi ya san waɗanda suka mutu ba tare da kin nuna masa ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa a saurare ki da adalci, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.