Kafin Ka Hau Jirgin Makka, Yallaɓai Darakta

Zuwa ga Shugaban cibiyar koyon kwamfuta da na taɓa karatu a cikinta, a nan Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ba zan kama sunanka ba, Yallaɓai. Ka san kanka, mutanen Dutse ma sun san ka. Ni ne Haruna, ɗan marigayi Malam Buba, daga wani ƙauye a ƙasar Buji. In sunan bai faɗo maka ba, ni ne ɗalibin da ka kira ɓarawo a gaban ajinmu.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, ladan ya yi sanarwa cewa Allah ya kira ka aikin Hajji bana, kana roƙon duk wanda ka taɓa ɓata wa ya yafe maka. Masallaci ya ɗauka, an yafe, an yafe. Ina cikin sahun, kuma bakina a rufe yake. Tunda a bainar jama'a ka roƙa, a bainar jama'a zan ba ka amsa: ban yafe ba. Zan kawo dalilaina, don kada a ce riƙo ne kawai irin namu na Fulani.

Na ɗaya. A shekarata ta ƙarshe a cibiyarka na ci karo da wani shiri a intanet, wanda ɗalibai daga ko'ina a duniya suke nema. Wanda aka ɗauka, sai a haɗa shi da wani gwani, ya yi watannin dogon hutu yana rubuta manhajar kwamfuta, irin wadda ake bar wa kowa a buɗe, ka ɗauka kyauta, ka gyara, ka ƙara, ka miƙa wa wani. Har ɗan alawus suke bayarwa. Abin da suke so shi ne ka nuna aikin hannunka, kuma makarantarka ta shaida cewa kai ɗalibinta ne. Ɗalibai kawai ake ɗauka, ni kuwa shekarar nan ce kaɗai ta rage mini.

Ina da abin nunawa. Akwai wata manhaja ta aika saƙo, da zarar wuta ta ɗauke ko layi ya yanke, sai a koma daga farko. Mu mutanen Dutse babu wanda zai gaya mana wannan ciwon. Na duƙufa na yi mata gyara yadda za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Na tura wa mai kula da ita somin-taɓi, wani malami ɗan ƙasar Birazil, ban ma sa rai zai duba ba. Sai ga amsa da kansa. Ya ce a garin kakarsa ma haka wuta take yi musu, in kammala in tura kafin a rufe karɓa, shi zai tsaya mini. Ranar ko abinci kasa ci na yi don murna.

Na biyu. Abin da su can suke kira lokacin hutu, mu nan damina ce. Ni kaɗai ne namiji babba a gidanmu, kuma tun da na iya riƙe fartanya damina ba ta taɓa samuna a wani gari ba. Na je gida na zauna gaban Baffa, mahaifina, mutumin da bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Na ce masa aikin kamar haƙa rijiya ne a bakin hanya, kowa ya sha, wanda ya ga ta cike da ƙasa ya yashe, ba mai cewa tasa ce. Sai ya ce, "In dai rijiya ce, je ka haƙa. Na yafe maka noman bana." Yallaɓai, kai ɗan birni ne, ba ka san nauyin wannan magana a bakin manomi mai ciwon baya ba. Bai tsaya nan ba, sai da ya faɗa wa abokansa a ƙofar masallaci cewa ɗansa zai yi wa duniya aikin lada.

Na uku, kuma nan ne ka shigo. Ka leƙo ɗakin kwamfuta da hantsi, ka same ni ina aiki, ka tambaye ni abin da nake yi. Ni sakarai, baki har kunne, na zayyana maka komai, ina zaton za ka dafa kafaɗata. Tambayarka ɗaya ce, me cibiya za ta samu. Da ka ji kalmar kyauta sai ka ɗaure fuska. Ka ce kwamfutar ta gwamnati ce, wutar ta gwamnati ce, kujerar da nake kai ma ta gwamnati ce, saboda haka duk abin da ya fito daga ciki kayan gwamnati ne, kuma wanda ya ɗauki kayan gwamnati ya miƙa wa baƙi ba da izini ba, sunansa ɓarawo. Na kawo maka misalin rijiyar da Baffa ya gane cikin zama ɗaya. Ka ce to gugan na gwamnati ne. Aji ya fashe da dariya, kai ma ka dara, ka ji daɗin kanka.

Ka tuna shekarun da muke ciki. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kalmar ɓarawo ba abin wasa ba ce, mutum ya ji an jefe shi da ita sai ya dubi wuyan hannunsa. Ka san haka sarai, shi ya sa ka ƙara da cewa in na sake magana za ka kai ni gaban alƙali. Ka sa aka goge kwamfutar tas a gaban idona. Ka karɓe faifan da nake ajiye aikina, ka jefa a aljihun tebur, ka murɗa makulli. Ka dakatar da ni daga cibiyar, ka ce ba za a rubuta wa kowa cewa ni ɗalibi ne ba. Na shiga mota na tafi Kano na nemi gidan intanet, amma me zan tura? Aikin yana aljihun teburinka, shaidar tana bakin alƙalaminka.

Wallahi da a kan gaskiya ka tsaya, ko da bahaguwa ce, da na haƙura. Amma duk manhajojin da ke cikin kwamfutocin cibiyar, a kasuwa aka sayo su cikin leda, kwafin da aka buga a bayan idon masu su, kuma kai ka aika a sayo. Mu ɗalibai mu muka loda su. Ashe wanda ya ɗauki na mutane bai biya ba shugaba ne, wanda ya ba da guminsa kyauta shi ne ɓarawo.

Na huɗu. Maganar ta riga ni isa gida. Ranar kasuwa aka baza ta, wai ɗan Malam Buba ya saci kayan gwamnati ya sayar wa Turawa. A daren da labarin ya kai kunnen Baffa aka yi ruwan farko, ruwan shuka. Da safe duk ƙauye ya fita da sungumi da ƙwaryar iri, shi kuwa ya sa rigarsa ta Idi, ya ɗauki kwanon man shanu da ƙwan zabi, ya taka zuwa titi, ya hau mota ya zo Dutse. Tambayi duk manomin da ka sani me ake nufi da barin gona a safiyar ruwan farko. Lokacin ba a rufe karɓar aikin ba tukuna, kalma ɗaya daga bakinka ta isa.

Masinjanka ya karɓi man shanun da ƙwan, ya shiga da su. Ya fito ya ce ka ce a jira. Baffa ya zauna a kan bencin da ke ƙofar ofishinka, ni ina tsaye a gefensa. Aka yi azahar, ka fito, ka wuce ta gabansa, ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu ya ce, "Ranka ya daɗe." Ko kallo bai ishe ka ba. Aka yi la'asar. Mutane suna shiga suna fita, har mai sayar da turare ya shiga ya daɗe, muna jin dariyarku. Da rana ta yi sanyi muka ji tashin motarka ta bayan gini. Masinja ya fito da kwanon a wanke, ya miƙa wa Baffa. Ka ci man shanun, Yallaɓai. Ka ci, kuma ka mayar da kwano.

Muka hau motar komawa gida. Baffa ya riƙe kwanon nan a cinyarsa har muka sauka.

Na biyar. An rufe karɓar aikin ba ni ciki. Malamin nan na Birazil ya rubuto yana tambaya ko lafiya, na kasa ba shi amsa, don ban san yadda zan gaya wa baƙo abin da namu ya yi mini ba. Na koma gona a daminar da aka yafe mini. Mun yi shuka a makare, gero bai yi abin kirki ba. In na doso majalisa sai a canza hira. Baffa bai taɓa tambayata ko na yi ko ban yi ba, amma ya daina zama a ƙofar masallaci, da an sallame sai ya sa takalmi ya wuce gida. Bayan girbi ya kwanta, bai tashi ba. Ban ce kai ka kashe shi ba, ajali na Allah ne. Na ce ya koma ga Ubangijinsa ba a wanke ɗansa ba, kuma kai kaɗai ne ke da ruwan wankin.

Yau ina da ɗan shago a kasuwar Dutse, ina gyaran kwamfuta da waya, alhamdu lillahi ba na roƙon kowa. Bara ina cikin aiki na ji muryarka a rediyo, kana yabon manhajar kyauta, kana cewa ita ce mafita ga talaka, cibiyarka ce ma kan gaba wajen koyar da ita. Kai! Sai da na ajiye abin da ke hannuna. Na so in fasa rediyon, sai na tuna na maƙwabcina ne.

Ga abin da nake nema, kuma kafin ka hau jirgi nake nemansa.

Ka tara ɗalibai a ɗakin da ka tozarta ni, ka faɗa da bakinka cewa Haruna bai saci komai ba. Ka je ƙauyenmu ranar kasuwa, ka maimaita a ƙofar masallacin da Baffa ya daina zama, sannan ka yi sallama a gidanmu ka faɗa wa Inna, mahaifiyata, tana nan da ranta, kuma har yau ba ta zuwa biki a ƙauyen. Ka dawo mini da faifaina. Na san ya daɗe da lalacewa, amma nawa ne. Kuma duk ɗalibin da ya zo maka da irin wannan shiri daga yau, ka sa masa hannu, in ba ka gane ba ka tambaya.

Malamai sun karantar da mu, kai ma kana wurin, cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Sanarwar ladan ba ta isar maka ba. Haƙƙin Baffa, ya tafi da abinsa, ni kaina ban san inda zan kai ka ka roƙe shi ba. Nawa kuwa yana hannuna, na riƙe shi gam, kuma in kana so sai ka zo da ƙafarka. Shagona ba ɓoyayye ba ne, kowane mai mashin ya san shi. Akwai benci a ƙofa. In ka iso ka zauna a kai, a gaya mini ka zo. Zan fito, don ni ba ni da ƙofar baya, amma ba da wuri ba.

Allah ya kai ka ƙasa mai tsarki lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya ba ka tsawon rai da lafiyar ƙafa, don ina so ka iya zuwa. Allah ya jiƙan Malam Buba, ya sa rijiyar da ya yi niyya ta zama a mizaninsa.

Wassalam.

Haruna ɗan Malam Buba,
Dutse.