Jifan Hukunci a Kwando na Sha Huɗu

Asabar, 6 ga Mayu
Na zo ta biyu cikin mata biyar a gasar jifan faifai cikin kwando, inda mai ƙarancin jifa ke yin nasara. Bishiyar nan da ke gaban kwando na bakwai ta sake tare mini faifai. Shekara goma sha huɗu ina jifa a dajin nan, har yau ba mu shirya da ita ba. Gwiwa na ciwo, takalma sun sha taɓo.

Da safe kafin a fara gasar, Wendell ya ɗauki lasifika kamar kullum. Shi kaɗai ke da shagon faifai a gundumarmu, kuma shekara shida ke nan yana ɗaukar nauyina: faifai, kuɗin shiga gasa, man mota. Ya karanta dokoki, sannan ya ce, "Mata biyar muka samu bana. Na sa su a gaba, don mazan da ke baya su samu abin kallo in an sunkuya ɗaukar faifai." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Ban san na yi ba sai da na ga Shauna tana kallona, yarinyar nan mai karatun jinya da ta fara wasa bara. Wayarta na ɗage a hannunta.

Lahadi, 7 ga Mayu
Ta sa bidiyon a shafin ƙungiya. Ga ni nan a gefe, kofi a hannu, baki har kunne.

Talata, 9 ga Mayu
Na sauke yaran makaranta, na faka bas, na buɗe waya. Da na sani ban buɗe ba.

An yi ca a kan Wendell. Mutane daga jihohin da ban taɓa takawa ba suna cewa a ƙaurace wa shagonsa. Wasu kuma sun taso kare shi, wai yanzu mutum ba shi da ikon buɗe baki sai ya auna kowace kalma a sikeli, wai mata ba su san wasa ba. Wani ya ce mini munafuka. Wata ta ce in ina da mutunci in bar shi yau ɗin nan. To in koma wurin wa? Cikin masu hayaniyar nan babu wanda ya taɓa saya wa mace faifai ɗaya. Bara sun kwashe mako biyu suna gardama ko a rubuta "mata" ko "'yan mata" a takardar gasa, ranar share fili kuwa mu huɗu muka fito. Wendell ne na farko, da injin yankan ciyawarsa.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Shi ne ya fara ware wa mata kyauta a nan, lokacin da kowa ke cewa asara ce. Bakinsa ne dai ba linzami.

Na gaji da su duka.

Alhamis, 11 ga Mayu
Ya kira ni shago. Ya rame, ko hasken wurin ne. Ya tura mini kwalin sabbin faifai, ya ce, "Marlene, ke kin san ni. Na taɓa yi miki wani abu?" Na ce a'a. Ya ce, "To rubuta haka. Layi uku kawai. Ki ce wasa ne, ke ma kin yi dariya. In daga bakin mace ya fito za su lafa."

Na ce zan yi tunani. Ya ce, "Yi tunaninki, 'yar gari. Na dai riga na biya miki gasa bakwai na bazarar nan." Da murmushi ya faɗa, har yana miƙo mini alewa daga kwalbar kan kanta.

Albashin tuƙin bas ba zai kai ni gasa bakwai ba. Shekarata arba'in da uku, gwiwar nan ba za ta jira ni ba.

Juma'a, 12 ga Mayu
Na rubuta. Layi uku, kamar yadda ya ce. Mutum ɗari biyu sun yaba, kusan duk maza.

Litinin, 15 ga Mayu
Na je yin atisaye da yamma, sai ga Shauna a kwandon gwaji. Na so in juya, ta riga ta gan ni. Muka yi ta jifa, sarƙar da ke jikin kwandon na ta ƙara. Hannunta ya yi kyau, ba ta san ya yi ba.

Can ta ce, "Ban ce ki bar shi ba fa. Na san yadda abin yake."
Na ce, "Ba ki sani ba."
Ta ce, "To. Abu ɗaya zan tambaye ki. Da gaske maganar ta ba ki dariya?"

Na ce mata ta gyara tsayuwarta, tana ɗora nauyi a ƙafar baya. Ta gyara. Faifan ya shiga.

A mota na yi ta tunani. Rabon da maganarsa ta ba ni dariya ta gaske, na manta. Yaƙe ne kawai, na saba da shi kamar ɗaura bel ɗin mota.

Juma'a, 19 ga Mayu
Jerin gasar gobe ya fito, ta garin maƙwabta. Mata uku sun janye. Ɗaya ta ce mini ba ta iya hayaniyar, ko ta wane ɓangare. Saura ni da Shauna, kuma mutum biyu ba sa cika rukuni, don haka an haɗa mu da maza biyu: wani Curtis mai gyaran rufin gida, da Wendell. Shi ya roƙi mai shirya gasar, abokinsa ne. Wai don kowa ya ga babu gaba.

Asabar, 20 ga Mayu
Bari in rubuta yadda ya faru kafin kaina ya gyara labarin.

Ni aka ba takardar maki. Har kwando na takwas lafiya lau. Wendell ya kawo wa kowa cincin mai sukari, yana ta ba da labarin jikarsa. A na tara Shauna ta ɗaga hannu za ta yi jifa, sai ya ce, "A hankali, 'yan mata, kada farce ya karye a sa ni a bidiyo." Ta sauke hannu, ta juyo, ta ce, "Wendell, wannan gargaɗi ne na rashin ɗa'a. Marlene, rubuta."

Wasanmu ba alƙali, mu huɗun da ke tafiya tare mu ne alƙalan juna. Laifin farko gargaɗi, na biyu a ƙara wa mutum jifa ɗaya, amma sai wani a rukunin ya mara wa mai ƙorafin baya. Kowa ya san dokar. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin an ɗauko ta a kan babban mutum ba. Na rubuta gargaɗin ƙanana-ƙanana a gefen takarda.

Kwanduna huɗu suka wuce bai sake ba. Na ɗauka an wuce wurin.

A na sha huɗu faifanta ya faɗa ƙarƙashin wani kututture, ta sunkuya ɗaukowa. Ya zunguri Curtis, da murya yadda kowa zai ji ya ce, "Ka ga abin da nake faɗa? Ƙarya na yi?"

Ta miƙe. Fuskarta ta yi ja. Ta ce, "Karo na biyu. Jifa ɗaya. Akwai mai mara mini baya?"

Curtis ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Wendell ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Haba, Marlene, gaya mata yadda muke wasa a nan."

Ban yi tunanin mata ba, ban yi tunanin adalci ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Abin da na ji kawai shi ne kumatuna sun fara ɗagawa da kansu za su yi abin da suka saba, kuma na gaji. Gajiya irin ta wanda ya daɗe da kaya a ka.

Na ce, "Na mara."

Ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Uku ka yi, an ƙara ɗaya, huɗu." Na rubuta. Fensirin ya huda takardar.

Muka ƙarasa kwanduna huɗun da suka rage. Shauna ta ɓata jifa uku a jere, tana share ido da kafaɗar riga. Ni na ci ta da jifa biyar. Wendell ya zo na goma sha ɗaya a rukunin dattawa. Ko da hukuncin ko babu shi, na goma sha ɗaya zai zo.

Lahadi, 21 ga Mayu
Kwance duk yini, ƙanƙara a gwiwa. Ban kunna waya ba.

Laraba, 24 ga Mayu
Saƙonsa ya zo ina tsakiyar wanke bas. Babu zagi. Ya ce kasuwa ta ja baya, dole ya rage, ya janye sunana daga sauran gasannin, yana mini fatan alheri. A ƙarshe ya ce, "Shekara shida, Marlene. A gaban Curtis."

Na yi kuka a kujerar baya, inda yara ke liƙa cingam. Ina son mutumin nan, shi ne abin haushin. Da mahaifiyata ta rasu, shi ya tuƙo awa uku cikin dusar ƙanƙara ya zo jana'iza.

A shafin ƙungiya yanzu ni jaruma ce wurin waɗanda suka ce mini munafuka, butulu kuma wurin sauran. Babu ko ɗaya da ya ce zai ɗauki nauyina.

Alhamis, 1 ga Yuni
Gasa biyu zan iya bana, ba bakwai ba. Na cike takardar ta Yuli da kaina. Akwai gurbin da ake rubuta sunan mai ɗaukar nauyi, na daɗe ina kallonsa, na bar shi fayau.

Shauna ta tambaya ko za mu tafi a mota ɗaya, a raba mai. Na ce to, amma kada ta ɗauka wani abu ne. Doka ce kawai na bi ranar nan, ko wa ya yi haka zan rubuta. Ta ce, "Na sani." Da wata irin murya ta faɗa, ban so ba.

Har yanzu ina ganin asara na yi. In an tambaye ni haka zan ce.

Yau da safe wata yarinya a kujerar gaba ta bas ta ce in daina waƙa, ina hana ta barci. Ban san ina yi ba. Ina jin don hutu ya kusa ne.