Gabas ɗin Baba

Bagwai,
Jihar Kano.

Zuwa ga Yaya Abdulgani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai tarin yawa daga ƙanwarka Nazira, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da sauran 'yan uwa da kuke zaune tare a Fatakwal. Allah ya yi wa nema albarka, ya tsare ka a kan dogayen hanyoyin da kake bi da babbar mota. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna ta sami sauƙin ciwon gwiwar nan, har gidan suna take zuwa da ƙafarta, ko da yake in ka tambaye ta cewa za ta yi ita ba ta ga wani sauƙi ba. An gama girbi. Gero ya yi kyau, dawa ce ta ɗan gaza saboda ruwa ya ɗauke da wuri. Maigidana Zailani ya riga ya kai wakensa kasuwar Dawanau, yanzu hankalinsa ya koma gonarsa ta rani a Watari, kullum yana can yana gyaran kwamin tumatir da albasa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannun kowa. Dalilin kuwa kai ma ka san shi. Duk sanda na kira ka a kan maganar injin Baba, kafin in kai rabi sai ka ce kana tuƙi, ko ka ce in bar wannan zance haka nan. To, takarda dai ba a kashe ta. Na ba da ita ga Madu direba, mai kai albasa wajenku, tare da wani ɗan ƙunshi mai nauyi. Don Allah kar ka kwance ƙunshin sai ka karanta har ƙarshe, duk da na san halinka, wataƙila ka riga ka kwance.

Labari ya iske ni cewa ka umarci Baffa Sama'ilu ya kira 'yan gwangwan su zo su ɗaga injin, a ɗora shi a sikeli kamar tsohuwar garma. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Na kuma san abin da Baffa ya gaya maka, wai ranar da na kunna injin ya yi gurnani har ɗakin ya ɗauki ƙaurin roba, kuma wai abin da ya mutu tare da mai shi a ƙyale shi ya huta. Baffa bai yi ƙarya ba, yana tsaye aka yi. Sai dai rabin labari ya ba ka, domin bai jira ƙarshensa ba ya saɓa babbar riga ya tafi.

Bari in fara daga farko. Ka tuna lokacin da Baba ya sayo injin nan na fere ƙarfe a gwanjon wani kamfani da aka rufe a Kano, garin nan kaf aka fito kallo, ana cewa Malam ya kawo inji mai ƙwaƙwalwa, wanda ake rubuta masa awo ya fere da kansa. Ƙwaƙwalwar nan ce ta fara mutuwa tun kafin ciwon Baba ya tsananta. Bayan rasuwarsa kuma damina ta rushe tsohuwar rumfar, Baffa ya tara ƙarti suka ja injin zuwa sabon ɗakin siminti, ni ina gidana ban ma sani ba sai da aka gama. Can ɓeraye suka same shi. Da na buɗe akwatin wutarsa, Yaya, har sheƙa na tarar, sun cinye wayoyin ta tsakiya, ba ka iya bin guda ɗaya daga tushe zuwa ƙarshe. Amma ƙarfen injin kansa lafiyayye ne. Na wanke shi da kananzir, na auna gadon da keken da ke riƙe wuƙar fere yake tafiya a kai, babu lanƙwasa babu cin tsatsa. Irin wannan ƙarfe ba a yin sa yanzu.

Saboda haka na cire tsofaffin wayoyin duka, na ja sababbi, kowace na sa mata lamba a kai da gindi. Na sauke matacciyar ƙwaƙwalwar na ɗora sabuwa ƙarama mai allo, na haɗa ta da injinan da ke tura keken. Na kafa ƙarfe a ƙasa na ɗaura masa waya don kada wuta ta ja mai aiki, na kuma sa babban jan maɓalli a inda hannu zai kai ba sai an duba ba. Wannan aikina ne, shi nake koya wa ɗalibai kullum, kuma kai ka raka ni da akwatina ranar da na fara makarantar fasaha, don haka kar ka yi kamar ba ka sani ba. Abu ɗaya kawai na bari na da, wani ɗan faranti da wayoyin makunnan iyaka suke shiga. Makunnan iyaka su ne 'yan maɓallai biyu da ke ƙarshen gadon injin, ɗaya wajen kai inda ake damƙe ƙarfe, ɗaya wajen wutsiya. In keken ya taɓa ɗaya, sai injin ya gane ya zo ƙarshen hanya, ya ja da baya. Farantin lafiyarsa ƙalau, kuma a jikinsa akwai rubutun Baba da ajami, da jan fenti. A ramin waya ɗaya ya rubuta gabas, a ɗayan ya rubuta yamma. Hannuna ya ƙi cire shi.

Ka san Baba bai taɓa cewa dama ko hagu ba. Ko buta za ka miƙo masa, cewa zai yi tana arewa da tabarma. Ni ma da na ga rubutun ko tunani ban tsaya yi ba. Na leƙa waje na ga inda rana take fitowa, na ɗauko wayar makunnin da ke wancan gefe, wato na wutsiya, na sa a gabas, ɗayar na sa a yamma.

Ranar gwaji Baffa ya zo, Zailani ma ya baro gona. Na tayar da janareta, allo ya kawo, kan injin ya juya sumul, har Baffa ya fara murmushi. Sai na umarci keken ya tafi wajen wutsiya a hankali. Ya tafi, ya taɓa makunnin, maimakon ya ja da baya sai ya ƙara dannawa gaba, ya tokare da ƙarfe yana gurnani, bel ɗin roba mai jan keken yana zamewa yana ƙauri. Na doki jan maɓallin, komai ya tsaya cik. Babu abin da ya karye, don daman ban ɗaura wuƙa ba kuma a tafiyar hawainiya na sa shi. Amma Baffa ya riga ya kai ƙofa yana salati, kuma ina jin kafin ya isa gida ya kira ka.

Ban karaya ba, na san matsalar ba za ta wuce makunnan ba, kuma da mitar gwajin wuta a hannuna zan kamo ta. Sai dai an yi kiran la'asar, na shiga cikin gida in yi salla. Ina alwala ina ta maimaita gabas, yamma, gabas, yamma, kamar mai tilawa. Inna tana tankaɗe ta ji ni, ta tambaye ni me ya sami gabas. Na ba ta labari a taƙaice, ban zaci za ta kula ba, don ka san tun rasuwar Baba ba ta taka inda injin yake ba, ko sunansa ba ta son a ambata. Ta kakkaɓe hannunta, ta yafa mayafi ta ce in wuce mu je.

A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta shiga ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ai kun kwantar da shi a juye. In na kawo wa Malam abinci na tarar yana salla a gefensa, kan injin nan da goshin Malam wuri ɗaya suke duba."

Yaya, nan take na gane. Ashe da ƙartin suka zo shigar da shi sabon ɗakin, ƙofa ta ƙi, sai suka juya shi suka shigar da wutsiya ta inda kai yake a da. Gabas ɗin Baba wajen kai ne, ni kuwa na ba shi wutsiya. Shi ya sa da keken ya taɓa makunnin wutsiya, injin ya ɗauka kai ya taɓa, ya yi ta gudu zuwa wutsiyar don ya tsira. Bai yi laifi ba, abin da Baba ya gaya masa ya bi. Na sauya wayoyin nan biyu Inna tana tsaye, na danna kowane makunni da yatsa ina duban allo har na tabbatar, sannan na sake tura keken. Ya je, ya taɓa, ya ja da baya a hankali ya tsaya. Da kan injin ya fara juyawa da wannan ƙara tasa, sai na ga Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ma na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Yanzu ka kwance ƙunshin. Wannan sandar ƙarfe da ka gani shaf ne na injin ban ruwa, wanda yake juya fankar da ke jawo ruwa. Guda biyu na fere da awo ɗaya. Ɗaya yana hannunka, ɗan uwansa yana cikin injin Zailani a Watari yana ba tumatir ruwa tun ranar da aka ɗaura shi, ko ɗigo ba ya yi. Ka shafa shi da yatsa ka ji, ka kuma kai wa duk makanikin da ka yarda da shi a Fatakwal ya auna. Ban ce ka yarda da ni don ni ƙanwarka ce ba. Maƙwabtan gonar Zailani sun gani, har sun fara aiko da nasu da suka cinye, domin a da sai mutum ya bar shukarsa da ƙishi ya tafi Kano neman wanda zai fere masa. Abdulmumin ɗan Baffa, wanda ya gama koyon walda, ya ce zai riƙa tsayawa a kan injin in ina makaranta, kuma na ga hannunsa, zai iya. Baffa kansa ya dawo ya gani, ya yi ta jujjuya shaf ɗin, amma ya ce shi ba zai warware maganar 'yan gwangwan ba, kai ne babba, kai ka ɗaura, kai za ka kwance.

Na san ba mugunta ce ta sa ka ba. Kana ganin muna riƙe da abin da zai riƙa tayar wa Inna da hankali ne. To ga abin da Innar ta ce in gaya maka, kuma ta sa na maimaita mata don kada in rage. Ta ce ba ta son injin ya ci gaba da kwanciya a juye, a fasa ƙofar in ta kama, a mayar da kansa gabas yadda Malam ya bar shi. Ta wajen wayoyi wannan ba komai ba ne, lambobina suna bin kai da wutsiya ne, duk inda aka juya shi zai yi aiki. Ƙartin da Baffa ya yi wa magana za su zo da igiyoyinsu da bututan ƙarfe ranar Asabar ta sama, kuma ko ta yaya sai sun ɗaga injin nan. Kai za ka faɗa musu inda za su sauke shi, a bayan motar 'yan gwangwan ko yana duban gabas. Ka kira Baffa kafin ranar. In kuwa ɗaya maganar ce har yanzu a ranka, to kar ka aiko ni, ka kira Inna ka gaya mata da bakinka.

Ka gaishe min da uwargidanka Yaya Sa'adiyya da kyau, ka ce mata kukar da kuɓewar da ke ƙasan ƙunshin nata ne, ba naka ba. Ka shafa min kan Ummu Salma da Muhammadu Sani. Zailani yana gaishe ka, Baffa ma haka. Inna ta ce Allah ya yi maka albarka, kuma wayarta tana ɗaure a bakin zaninta, ta sa an cika mata caji.

Allah ya jiƙan Baba, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Nazira