Kar Ki Aiko a Ɗauke Ni, Yaya

Gidan Sori, bayan ƙaramar salla

Zuwa ga Yayata Halima, a Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayarta, ko da yake kin san ladabin nawa bai taɓa cika tiya ba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Sanda da yara duka. Allah ya karɓi azuminmu, ya maimaita mana cikin ƙoshi, don na bana kam mun fara shi tun watan bai tsaya ba. Mu nan sai godiya. Baba yana nan a kan ƙafafunsa, sai dai ya rame har rawaninsa ya fi shi jiki. Jar dawar taimako takan zo jefi-jefi, in ta ƙare mu koma ga ƴaƴan anza da ganyen tafasa. Garken da kika sani babu shi. Amma an yi ruwa mai kyau sau biyu, ƙasa ta yi sanyi, mutane sun fara gyaran sungumi. Allah ya sa ƙarshen wahalar ke nan.

Yaya, takardar nan ke kaɗai za ki karanta ta. Kar ki miƙa wa Malam Sanda, kar ki ba yara ƴan lakol masu karatun boko. Da alƙalamin kara na rubuta ta, da irin baƙin da Malam Tsoho ya koya mana. Na san karatun naki tafiyar jaki ce cikin yashi, amma ki daure, ki bi ta a hankali, maganar mata ce.

Chindo direba, wanda zai kawo miki wannan ta hanyar daji tunda iyaka na rufe, ya isar mini da saƙonki: wai in ɗaure kayana, za ki aiko a ɗauke ni in zauna wurinki, tunda maigidana Hambali ya aika muku cewa ya sauwaƙe mini zama da shi in ina so. Wallahi daga bakin Chindo na fara jin wannan magana. To amsata ita ce, kar ki aiko. Ba na zuwa ko'ina. Amma sai na faɗa miki yadda aka yi har maganar ta kai nan, don in na bar ki da zato za ki ɗauka duka na yake yi, ki zo da muciya.

Tun bara, lokacin girbin da ba mu yi ba, wani ruwa ya fara zubo mini. Ba jini ba ne, fari-fari ne tsinkakke kamar ruwan toka. Ba ciwo, ƙaiƙayin ma ba sosai ba. Amma ƙarni, Yaya! Kamar an manta da kifi cikin kwando. Ya fi tashi in na gama al'ada, da kuma in maigida ya kusance ni. Ni da kika sani, wadda ta ɗaura wa akuyar liman ɗankwali ta kora ta cikin ƴan biki, sai ga ni na koma kurma. A bakin rijiya nakan duba inda iska ke kaɗawa in tsaya can ƙarshe. In wata ta sosa hanci, sai in ja tuluna in ƙara matsawa. Mata suka fara cewa ko iskokai sun taɓa Tala, wasu suka ce yunwa ce ta gyara mata hali. Shi kuwa maigida na shiga gudunsa. Yau ciwon kai, gobe in ce al'ada ba ta ɗauke ba, jibi in ce Inna, uwarsa, tana tari zan kwana ɗakinta. Ko tuwo na kai masa, sai in dire daga nesa in juya. Tsoro biyu nake ji: kar ya ji warin ya tsane ni, kar kuma a ce ciwon banza ne, a fara tambayar wa ya kawo shi gidan.

Kin san yadda ruwa ya zama. Rijiya ta yi zurfi, sai a wuni a layi a samo abin da bai cika randa ba, Inna kuma tana auna shi da ludayi kamar mai. Ni kuwa sai in hana kaina sha, in ɓoye rabona cikin buta, in zaga bayan gida in yi ta wanki har can ciki, da sabulu, wani lokaci da ƴar kanwa. Da rabona ya kasa, na fara taɓa randa. Wata rana da hantsi Inna ta ritsa ni bayan rumbu da buta a hannu. Ta ce a shekarar da mutane ke taimama da rana tsaka, ita ce Allah ya haɗa da agwagwa. Na buɗe baki in yi mata wata ƙaryar, sai kuka ya riga ni. Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Yaya, tsohuwar nan ba ta ce mini uffan na zargi ba. Cewa ta yi sanyi ne na mata, ba a kaina aka fara ba. Ta dafa mini bagaruwa da alif in riƙa zama ciki ina wankewa. Ya lafa kwana kaɗan, ya dawo da ƙarfinsa. Na sayi kafso mai ja da rawaya wurin wani mai tebur a kasuwa, shi ma a banza.

Daga nan muka yanke sai likita, wato asibiti, a Tibiri. Amma wa zai dubi idon maigida ya ce a ɗaura wa jakin da ke tafiya da ƙyar amalanke, saboda abin da ba a iya faɗa? Nan halina ya ɗan farka. Na ce wa Inna ta kama ɗingishi. Ta zage ni tas, ta ce ba ta haifi ɗa don ta yi masa ƙarya da furfura ba. Washegari sai ga ta ta fito tana jan ƙafar dama, tana nishi, har ta fi yadda na koya mata. Ɗan nata ya rikice, ya ɗaura amalanke da kansa.

A likita mutane ne maƙil, yawanci uwaye da yaran da yunwa ta kumbura wa ƙafa. Da na gan su sai da na ji kunyar abin da ya kawo ni, na ce mu koma. Inna ta riƙe mini zane. Ungozomar likita, wadda kowa ke kira Madam, ta duba ni cikin ɗaki, ba ta ko yamutsa fuska ba. Ta ba ni ƙwayoyi farare na mako guda, ta ce ko na ji sauƙi sai na shanye su. Ɗaci gare su, bakinka kamar ka kwana kana lasar lauje. Amma kafin su ƙare warin ya tafi. Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka.

To ga inda laifinki ya shigo, kuma ba zan yafe ba sai kin biya ni da ɗan kunne. Lokacin ne sabulunki mai ƙamshi ya iso, wanda kika ce matan Kano da shi suke gyara. Na ce madalla, yanzu zan tsare ƙofa kada abin ya dawo. Na ƙara himmar wankin ciki, safe da yamma. Al'ada na ɗaukewa sai ga baƙona ya dawo da kayansa. Ranar na zauna bayan ɗaki na ce shi ke nan, haka zan ƙare, ba miji ba ɗa, sai ƙarni.

Inna ta sake kama ɗingishi, sai dai ta manta, wannan karon ƙafar hagu ta ja. Maigida ya tsaya yana kallonta, ya ce ba dama ce ke ciwo ba? Ta ce masa ciwon tsufa yawo yake yi, in ya tsufa zai gani. Ni kuwa na cusa bakin mayafi a baki, muna fita gari muka yi ta dariya har jakin ya tsaya. Rabona da dariya irin wannan na manta.

Wannan karon Madam ta zaunar da ni ta tambayi yadda nake tsarki. Na lissafa mata da alfahari: sabulu, kanwa, bagaruwa, alif, ga kuma na Kano. Ta dafe kai. Ta ce wurin nan Allah ya yi shi da masu gadinsa, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke tsare shi. Duk ranar da na shiga da sabulu da kanwa, masu gadin nake kora, masu warin su samu fili. Ta ce in wanke waje kawai da ruwa zalla, in bar ciki ya ji da kansa, tsummokaran al'ada kuma in shanya su a rana sosai. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ciwon banza ne. Ta ce a'a, ba shaida ba ce a kan kowa, yana samun mata da yawa masu zaman aurensu lafiya. Ta kuma gaya mini gaskiya, cewa mai naci ne, yana iya leƙowa ko na kiyaye, in ya dawo in zo da wuri, kar in tsaya jiƙe-jiƙe. Ka ji fa, duk ƙishirwar da na sha, ashe ciwon nake shayarwa. Ya ɗan sake leƙowa gab da azumi, na bi amalanken ƴan kasuwa na karɓo magani, ba tare da ƙafar kowa ta yi ciwo ba. Tun daga nan shiru, har yau da nake rubutun nan. Alhamdu lillahi.

Sai dai jiki ya warke, tsoro bai warke ba. Na ci gaba da rakuɓewa, ina cewa bari in ƙara gani, ban san mutumin ya riga ya aika muku ba. Da Chindo ya faɗa mini, ko mayafi ban gyara ba na bi shi gona. Na same shi gindin gawo yana ɗaure ƙotar sungumi. Na tambaye shi laifin da na yi masa da zai aika da ni Kano kamar buhun albasa. Bai ɗago ba. Ya ce ba ni da laifi, shi ne ya kasa. Ya ce ya ga tun da rumbu ya koma fanko, shanun noma suka tafi, ba na iya zama kusa da shi. Ya ce ya san dalili: tun bara aikinsa feɗe mushen shanu yana kai fatu kasuwa don mu samu na dawa, warin ya kama jikinsa, ko ya yi wanka ba ya fita. Ya ce macen da yayarta ke cin tuwon shinkafa bai kamata ta zauna tana cin anza kusa da mai warin mushe ba, gara ya sake mini hanya tun ban roƙa ba.

Yaya, sai na zauna cikin kunyar gona, na juya masa baya don ba zan iya da ido ba, na faɗa masa komai, har da ɗingishin uwarsa. Can sai ya ce, wato duk watannin nan ba shi nake gudu ba? Na ce kaina nake gudu. Ya rantse bai taɓa jin komai ba, in ma ya ji, ya ɗauka nasa ne. Sannan ya ce shi ma yana ɗibar ruwan randa a ɓoye yana dirzar jiki da toka, ko zan yarda in matso. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ina yi hawaye na zuba, shi ma ya rufe fuska da hula kafaɗunsa na rawa. Da muka koma gida Inna ta ji, ta ce dama ta san agwagwa ɗaya ba ta shanye mata randa haka, Allah ya isa tsakaninta da mu biyun. Ranar tare muka ci tuwo a akushi ɗaya, ya roƙe ni gafarar aiken da ya yi, ni ma na roƙe shi.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki, ki ba Malam Sanda haƙuri, ki ce masa an shirya, ba sai ya san sauran ba. In kina son taimaka mini, abin da za ki kashe wurin ɗauko ni ki saya mana irin gero mai saurin nuna da ɗan wake, ki ba Chindo ya juyo da shi da wuri, don namu irin mun cinye shi tun bazara, wanda muka samu ba zai kai rabin gona ba. Shi zai sara, ni in bi shi ina zubawa ina takewa. Ke ma kuma, in kina wankin nan da matan Kano suka koya miki, ki bari, ki faɗa wa maƙwabtanki ƙanwarki ta ƙauye ce ta ce.

Ki gaida Malam Sanda da kyau. Ki gaida Hayatu, ki ce ya daina girma haka sai na gan shi, da Asta ƴar lelena, da ƙaramin Ɗantala. Baba yana sa muku albarka. Inna tana gaishe ki, ƙafafunta biyu lafiya lau. Maigida ma ya ce in gaishe ki, amma kunya ta hana shi ƙara komai. Ku sa mu cikin addu'a Allah ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri, a zuwan ziyara ba na yaji ba.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki mai kunnen ƙashi,

Tala, matar Hambali har yanzu.