Had-dis ɗin da ya ƙi nuna mana Baba

Gwandu, ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Abdulrahman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka na Fatakwal, Allah Ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je suna Masama. Hafsat ta fara koyon ɗinki, ta riga ta ɓata mini atamfa guda. Kada ka yi mamakin ganin takarda daga wadda kuke cewa da waya a hannu aka haife ta. Na tura maka saƙo ya fi a ƙirga, ko shiga bai yi ba, shi ya sa na ba Filibus direba wannan. Ni dai ban ce komai ba, amma mai kashe waya haka akwai abin da yake ɓoyewa, kuma ina jin abin yana ɗaura ɗankwali.

Maganar had-dis ɗin nan ce, baƙin ma'ajin hotuna da bidiyo da ka bari wajen Inna, wanda bidiyon Baba, Allah Ya jiƙansa, yake ciki, na ranar sunan ɗan Anti Safiya da ya yi ta ba da labari yana dariya. Ka san babu shi a ko'ina sai nan. Inna ta ce tana son ta gani, na jona shi a kwamfutar gida, fitilarsa ta kama, na sa kunne na ji yana ɗan gurnani a ciki, amma allo ko alama. Na sauya ramin jonawa, na kashe na kunna, na hura bakin wayar da ake jona shi da ita, na duba bidiyoyin gyara har datata ta ƙare. Shiru.

Sai na lura wayar da ke jikinsa ma ba tasa ba ce. Taka gajera ce, wannan doguwa ce fara. Da na matsa wa Hafsat, ta ce ai da sallah Mubarak mijin Anti Safiya ya aiko daga Kalgo aka ba shi aron had-dis ɗin, Inna ta ji nauyin hana suruki. Ba wanda ya gaya mini. Na shirya na tafi Kalgo, na tambaye shi cikin wasa, tunda ni kaɗai ke iya yi masa haka. Ya ce a talabijin ya sa shi don yara su ga kakansu, bai nuna komai ba, sai wani rubutun Turanci da ya fito, shi kuma ya danna rimot ya kore shi. Na ce me ya danna, eh ko a'a, ya ce wa zai tuna, ya yi ta dariya yana cewa na zama 'yar sanda. Yaya, dariyar ta yi yawa. Gajerar wayar kuwa a ɗakin Anti na gan ta, na ɗauke abina.

Daga can na biya gidan Malama Rut, wadda ta koya mana kwamfuta. Ta sa shi a tata da wayarsa ta asali, ta shiga wani wuri da ake ganin duk abin da aka jona, sai ga shi, amma ba suna, ba a iya buɗe shi. Ta ce abu biyu ne, ko dai talabijin ta yi masa fomat, wato ta share komai, ko kuma a kwamfuta mai hoton tuffa aka cika shi, don irin tamu ba ta karanta tsarin waccan. A nan na tuna ban taɓa ganin bidiyon nan a wata kwamfuta ba sai taka, kuma taka mai tuffa ce. To ka faɗa mini gaskiya, haka ka shirya shi, ko kulle shi ka yi don kada mu ga wasu hotunan? Wallahi ba zan buɗe komai ba sai na Baba.

Malama ta ja mini kunne cewa duk abin da kwamfuta ta tambaye ni in na jona shi kada in yarda. Kawu kuma ya ce in kawo ya kai wa wani mai gyara a Birnin Kebbi ya wanke shi. Kalmar wankewar nan ce ta sa na ce na manta inda na ajiye. Yana ƙasan akwatina cikin safa, kuma ba mai taɓa shi sai na ji daga gare ka.

Inna ba ta san komai ba. Kullum in ta tambaya sai in ce ba wuta. Jiya aka kawo wuta tun hantsi, ta kalli fanka tana juyawa, ta kalle ni. Da la'asar tana tsince shinkafa ta ce ita ko hoton bai fito ba, muryar kawai take so, don ta fara manta yadda yake kiran sunanta.

Ka tambayi abokanka ko hakan ya taɓa samun wani, kuma me ya yi. In da hali ka ba Filibus kwamfutarka ya taho da ita, in babu ka taho da kanka. Inna na sa maka albarka, Hafsat da Anti Safiya suna gaishe ka. Ka gaishe da Daniel abokin ɗakinka, da mai ɗankwalin in akwai ta.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Ummulkhairi