Saura Babi Biyu

Unguwar Shanu, Kaduna
Litinin, 9 ga Agusta, 1976

Ƙawata Maimuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Hajiya da Alhaji da Yaya Rabe. Yaya kuke fama da ruwan nan a Malali?

Iya Kaltume dillaliya ta isar mini da saƙonki, har da hararar da ta ce kin haɗo. Kin ce a cikinmu mu huɗu ni kaɗai ce littafi ke wuce mako a hannuna, Uwani da Hadiza sun gaji da jira. Gaskiyarku ce. Amma zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don Allah ya tsaya a wurinki.

Ba ni kaɗai nake karantawa ba. Ni da Inna ne.

Tun hutun bara abin ya fara. Ta tarar da ni ina kuka a bayan randa, ta ce wa ya mutu? Na ce ba kowa, wata nas ce a cikin littafi jirgin ƙasa ya tashi ya bar ta. Na zata faɗa za ta yi. Sai ta jingine tsintsiya ta ce, to me ya kai ta tashar? Tun daga ranar, in Baba ya tafi rumfarsa a kasuwa, muka idar da azahar, sai mu shige ɗakinta. Ita tana ɗinkin hula, ni ina duba Turancin ina mayar mata da Hausa. Kuma ba ta yarda a tsallake komai, har launin labule sai ta ji. Wuraren nan da kika sani kuwa, cewa nake yi "sai suka gaisa". Ita kuma ta ce "uhum", ba ta ɗago kai ba.

Maimuna, Inna takan yi wata da watanni ba ta leƙa ƙofar gida ba. Amma jiya ta tambaye ni ko teku ya fi Kogin Kaduna faɗi in ya cika.

Wannan sabon naki, na mutumin da ke kunna wa jiragen ruwa fitila, ya kama ta ƙwarai. Ki ƙara mana mako guda. Ki ba Hadiza na 'yan matan nan biyu masu aiki a otal kafin mu gama, zai yi mata, tunda ba ta son wanda ake mutuwa a ciki.

Ki gai da mutanen gida. Allah ya bar mu tare.

Taki,
Turai


Malali
Alhamis, 12 ga Agusta

Ke Turai sarauniyar mafarki,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, sai taɓo.

"Sai suka gaisa"! Na yi dariya har Hajiya ta leƙo ta ce ko aljanu ne. Kada ki damu, bakina alaikum. Ashe mu biyar ne ba mu sani ba. Ku riƙe shi har ku gama, na gaya wa su Uwani ciwon ido kike yi.

To amma ba ki ce komai ba a kan fassarata. Kin san ƙa'idarmu, duk wadda ta gama littafi ta rubuta maganar da ta fi taɓa ta a jikin takardar da aka naɗe shi, da Hausa, mu ga wadda ta fi iyawa. Kullum ke kike cinye mu, shi ya sa wannan karon na sa sunanki a sama don ki san da ke nake. Ki duba ki faɗi gaskiya. Ki kuma yi haƙuri da takardar, jaridun gidanmu sun ƙare, sai na yage ta wani ƙunshi da aka aiko wa Yaya Rabe ta gidan waya.

In kun gama akwai na wata malamar makaranta da ta gaji gonar inabi. Farkonsa sanyi ne da shi, amma ki daure. Na likitan dawakin nan kuwa kada ki ɓata lokacin Inna, mutumin ba ya komai sai tsuke fuska.

A gai da Inna da kyau, amma kada ki ce na sani.

Maimuna


Unguwar Shanu
Talata, 17 ga Agusta

Maimuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun.

Baba ya ga littafin.

Jiya da safe ruwa ya hana shi fita, ɗakin Inna ya soma yoyo. Ya shiga yana taya ta janye kaya, ya ɗaga murfin fantekar da ke ƙarƙashin gado, ga shi kwance a ciki. Ba Turancin ya dame shi ba, kin san ba ya ji. Takardar naɗin ya karanta. A waje ga sunan Rabe Tanko, Malali, da hatimin gidan waya. Ya buɗe, a ciki ga abin da kika rubuta: "Turai, ko an kashe duk fitilun duniya, ni zan gane ki a cikin duhu."

Sau biyu ya karanta shi a fili, a hankali, ruwa na ɗiga cikin kwano. Da ma dukana ya yi.

Ya tambayi Inna abin da ya kawo wannan ɗakinta. Ta tsaya riƙe da tabarma. Sai na ce nawa ne, ni na ɓoye a nan ba ta sani ba. Ya ce tun yaushe ɗan Alhaji Tanko yake rubuto mini? Maimuna, kin san ni. In Baba ya kafe ni da ido harshena mutuwa yake yi. Amsar tana bakina, amma na ga in na ce ke ce, zai ce me ya haɗa ku, daga nan sai littattafan, sai Iya Kaltume, sai a zo kan Inna. Na yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce 'yan'uwansa sun sha gaya masa abin da boko ke koya wa 'ya mace ke nan, yana musu, yau ya gani da idonsa. Ya ce in hutu ya ƙare ba zan koma makaranta ba. Ranar Juma'a kuma in an sauko daga masallaci zai zo Malali ya ga Alhaji. Ya kulle littafin a akwatinsa.

Yau da azahar na zauna a ɗakin Inna, tana ɗinki. Saura babi biyu mu gama.

Iya Kaltume tana tsakar gida tana nuna wa Inna atamfa, dole in rufe. Ban san abin yi ba. Ki yi mini addu'a.

Turai


Malali
Laraba, 18 ga Agusta

Turai,

Salamu alaikum. Ba ni da doguwar gaisuwa yau.

Ba ki san abin yi ba? Yaya Rabe ko fuskarki ba zai iya siffantawa ba, bayan Sallah za a ɗaura masa aure, kuma kin san Alhaji ba ya tambaya kafin ya yanke hukunci. In Baba ya tako gidan nan da takardar nan a aljihu, kafin magariba dangin amarya sun ji. Ke kuma shekara guda ta rage miki ki gama, za ki zubar da ita don ba ki iya buɗe baki ba.

Laifina ne da na sa sunanki, na sani, jiya ko tuwo ban iya ci ba. Shi ya sa na rubuta wa Baba takarda, ga ta nan a ninke cikin wannan. Na sake rubuta maganar fitilun a ciki don ya gwada hannun da wancan. Na faɗi shafin da take, ya kai wa duk wanda ya yarda da shi ya duba masa. Na ce mu huɗu ne, tun muna aji biyu muke musayar littattafai, kuma Iya Kaltume ke kai mana cikin ƙunshin kayanta. In ban faɗi duka ba, ba zai yarda da ko ɗaya ba. Sunan Inna ne kaɗai ban sa ba.

Na san abin da zai biyo baya. Zai hana Iya Kaltume shiga gidanku, littafi kuma ya ƙare muku ke da Inna. Ni ma in Alhaji ya ji, nawa duk murhu za su. Amma ki kai masa kafin Juma'a. In ba ki kai ba ni zan zo da ƙafata, kuma kin san in na fara magana ban san inda zan tsaya ba.

Kada ki yi fushi da ni. Allah ya sanyaya zuciyar Baba.

Ƙawarki duk da haka,
Maimuna


Unguwar Shanu
Alhamis

Maimuna,

Wa alaikis salam. Ban yi fushi ba.

Tun jiya takardarki take ɗaure a bakin zanena. Sau biyu na kai ƙofar zaure na juyo. Ina ta tunanin Inna da azahar, ita da hula da bango.

Ɗazu na karanta mata ita, yadda nake karanta mata littafi, ban tsallake komai ba. Ta saurara har ƙarshe, ta cije zare, ta ce ba ta ji sunanta ba. Na ce da gangan kika bari. Ta ce in miƙo biro in ƙara a ƙasa cewa mu biyar ne. Na ce Inna, kin san Baba fa. Ta ce ta riga ni saninsa.

"In ya ci tuwo ki ba shi," in ji ta. "Ina zaune a wurin. In ya gama karantawa, ni zan ce masa ya buɗe akwatin, saura babi biyu."

Na rubuta. Ga shi an kira la'asar, ta ɗora tukunya, miyar da ya fi so take yi. Zan ba shi da hannuna.

Fassararki ta fi tawa, Inna ma ta faɗa. Kada ki gaya mini yadda labarin ya ƙare.

Sai abin da Allah ya yi.

Taki,
Turai