Ɗigon da Ya Sa Inna Ta Rufe Idonta da Rana Tsaka

Zuwa ga
Mai girma Daraktan shagon kayan kwamfuta da ke kan hanyar kasuwar Arzeke,
Paraku.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, kuma kasuwa tana albarka. Ban ambaci sunan shagonku ba, don ba tozarci ya kawo ni ba, kuma idan ka karanta za ka san da kai nake. Na rubuto a fili ne saboda duk zuwan da na yi ana cewa ka fita, ni kuwa maganata ta fi ƙarfin a bar wa wani sallahu.

Sunana Rakiya. Ina sayar da atamfa da shadda a Arzeke, ina zaune a Lajifarani. Amma maganar ba tawa ba ce, ta mahaifiyata ce, wadda muke kira Inna, tana zaune a gidanmu na gado a Jugu.

Na ɗaya, dalilin da ya sa na sayi allon.

Mu 'yan goro ne tun kakanni. Fataucinsa ya kawo su Jugu, suka sauke kaya ba su sake ɗauka ba. Aikin Inna tun tana budurwa shi ne zaɓe. A kwance huhu, a baje goro a tabarma, ta bi shi ɗaya bayan ɗaya tana neman sangara, ƙwaron nan da ke huda goro ya shige ciki. Hudar ba ta fi bakin allura ba, amma wanda ya bar guda a cikin huhu, in ya dawo sai ya yi salati. Idonta ne jarinta, duk Jugu an san haka.

Sai yanar ido ta rufe mata gani. Ta daɗe zaune a ɗaki, sai an kama hannunta an kai ta inda za ta yi alwala. Daga baya aka yi mata aiki a asibiti a nan Paraku. Ranar da aka cire bandejin ina tsaye a gabanta. Ta ƙura mini ido, ta daɗe, sannan ta ce, "Rakiya, yaushe kika yi furfura ban sani ba?" Ɗan Adam ya sa hannu a cikin ƙwayar ido, ya share ta, haske ya dawo! Allah Ya yi wa likitan nan albarka.

Ta koma sana'arta, sai dai zamani ya juya. Yanzu masu goro daga Gana da Kwaddebuwa hoto suke turowa a waya kafin a ɗora kaya, a duba a ce a kawo ko a bari. Allon waya ya yi mata ƙanƙanta. Shi ya sa bayan Sallar Layya na shigo shagonku na sayi babban allon kwamfuta, sabo a kwalinsa, jika tamanin da biyar na sefa, aka ba ni faktir, wato rasit, da garanti na shekara guda. Na kai shi Jugu na haɗa da tsohuwar kwamfutata, na nuna wa Saude, matar ƙanena da ke zaune da ita, yadda ake buɗe hoto.

Zan faɗi gaskiya ko da a kaina take, kayanku yana da kyau. Ranar farko goro guda ya cika allon, ya kai girman ƙwarya, ana ganin tsagarsa da jijiyoyinsa da ɗanyen ruwan da ke jikinsa. Maƙwabta suka cika ɗakin. Wata tsohuwa ta miƙa hannu za ta ɗauka, aka yi ta dariya. Inna kuwa tasbihi kawai take yi, tana cewa goro yana can wata ƙasa a kan bishiyarsa jiya, yau ga shi a ɗakinta.

Na biyu, abin da ya biyo baya.

Ba a yi sati ba aka turo hoton farin goro daga wani mutum da suka daɗe suna hulɗa. Inna ta matso, ta ga ɗigo baƙi a jikin goron, ta ce sangara ce, kada a ɗora. Mutumin ya yi rantsuwa har da kiran sunan iyayensa, ba ta saurare shi ba. Wani ya turo nasa, nan ma ga ɗigon. Ta ce bana ƙwaro ya yi yawa. Ana nan sai jikarta da ke Kwatano ta kira, aka sa fuskarta a allon, sai ga ɗigon a goshin yarinya.

Daga nan Inna ta sauya. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta daina shiga ɗakin da allon yake, ta miƙa wa Saude harkar goron, ta ce ta gaji. Mu kuma muka ɗauka tsufa ne. Saude ba ta taɓa lura da ɗigon ba, ni ma haka, don bai kai ƙwayar yashi ba, kuma mu daga nesa muke kallo.

Wata Juma'a na je Jugu ban sanar ba. Na shiga gida da hantsi, rana ta buɗe sosai, na tarar da Inna a tsakar gida idonta a rufe gam, hannunta a jikin bango, tana lalube daga ƙofar ɗakinta zuwa wajen randa. Ta isa, ta taɓa murfin, ta juyo, ta sake. Na tsaya da jaka a hannu ina kallonta. Da ta ji motsina ta buɗe ido, ta ga ba hanyar ɓoyewa, sai ta ce, "Ciwon ya dawo, Rakiya. Wancan karon ma da ɗan abu haka ya fara, in na kalli haske. Wancan karon ba shiri ya same ni. Wannan karon ina so in san hanya tun da sauran gani."

Ranka ya daɗe, na yi kuka a ranar, kuka na gaske. Mai hankali zai ce ai da ta lura, a allon kaɗai take ganinsa. Haka ne. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, kuma ta ce tun da ta fara zargi har a farin bango takan ji kamar tana ganinsa.

Na uku, yadda muka gano.

Washegari na sa ta a mota muka zo Paraku wajen likitanta. Ya haska, ya auna, ya sa ta karanta alamomin da ke bango, ta kai har layin da ni da tabarau ban kai ba. Ya ce ido lafiya lau. Sannan ya tambaye ta a ina ta fi ganin ɗigon. Ta ce a ekran, wato allon, daga sama wajen hagu, kullum wuri ɗaya. Ya ajiye fitilarsa, ya yi murmushi, ya ce mu koma mu buɗe farin shafi a allon mu duba da kyau.

Muka koma Jugu. Ina da ɗan gilashin ƙara girma da nake duba saƙar shadda da shi, don bambanta ta gaske da jabu. Na buɗe farin shafi, Inna ta nuna wurin da yatsa ba tare da ta yi nema ba, na ɗora gilashin.

La'ilaha illallahu! Ni da nake tsammanin farin gilashi ne kawai, sai na ga saƙa. Fitilu ne ƙanana, ja da kore da shuɗi, uku-uku, a jere layi bisa layi, babu wanda ya goce. Ashe farin da muke gani ba fari ba ne, su ukun nan ne suka haɗu. Shekaruna nawa ina duba zare, ban taɓa ganin masaƙin da ya kai nan ba. Daga baya aka gaya mini gidajen nan masu fitilu uku-uku sun haura miliyan biyu a allo guda, kowanne da nasa aikin, kowanne yana sauya launi kafin ƙiftawar ido. Na zauna a ƙasa ina mamakin ilimin da Allah Ya ba bayinSa. A tsakiyar wannan haske duka kuwa ga gida ɗaya a mace, baƙi ƙirin.

Sai wani mamakin ya danne na farko. Tsohuwar da aka yi wa aikin ido ce ta tsinto guda ɗaya a cikin miliyan biyu, ba gilashi, ba tabarau. Idon da take shirin yi wa bankwana ashe ya fi na duk mutanen gidan. Na miƙa mata gilashin ta duba da kanta. Ta duba, ta yi dariya har da hawaye, ta sa aka kira mai farin goron nan ta roƙe shi gafara.

Na huɗu, amsar da na samu a shagonku.

Na mayar da allon kwalinsa, na rungume shi a mota daga Jugu, na hau zem, babur ɗin haya, da shi har ƙofarku. Ma'aikacinku ya karɓe ni da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya koya mini abin da ban sani ba. Ya ce sunan kowane gida piksel, kuma iri biyu ne ke samun matsala. Akwai wanda ya maƙale a launi ɗaya, ja ko kore, wannan wani lokaci yakan farfaɗo. Akwai kuma baƙi, wanda ya mutu. Ya sa wani hoto mai walƙiya da launuka ya bar shi yana gudu, ya sa tsumma mai laushi ya ɗan danna wurin, bai tashi ba. Daga ƙarshe ya ce, "Madam, piksel ɗaya ba pan ba ne, wato ba lalacewa ba ce. Garanti ba ya aiki sai sun kai biyar."

Na duba takardar garantin gaba da baya, ban ga inda aka rubuta haka ba. Ya ce ƙa'idar kamfani ce, kowa ya sani. To ni ban sani ba, kuma ranar da nake biya ba wanda ya ce mini, ga sabo, amma yana iya zuwa da matattu huɗu.

Na biyar, abin da nake so ka auna.

Na fahimci hujjarku. Wanda ya jera miliyan biyu ya kuskure ɗaya ya cancanci a jinjina masa, kuma na jinjina. Ban raina aikin ba, ni da na gan shi da idona. Amma mu a kasuwa ba haka muke auna aibi ba. Idan turmin atamfa ya zo da huda ɗaya, ba na ce wa mai saye ta ƙirga zaren da ke lafiya. Ko in nuna mata tun kafin ta biya in rage mata, ko in canja. Ba a tambayar girman aibi, ana tambayar inda ya faɗa da wanda ya faɗa wa. Ga mai kallon ƙwallo ɗigon nan ba komai ba ne. A gidanmu ya ɓata ciniki biyu, ya kusa raba zumuncin shekaru, ya sa tsohuwa tana koyon makanta da rana tsaka.

Kuma abin bai ƙare ba. Allon ya koma Jugu da ɗigonsa. Inna ta ji likita, ta gani da gilashi, amma Saude ta gaya mini kullum da safe takan rufe ido ɗaya da tafin hannu ta duba ɗaya, sannan ta sauya. Har yau ba ta karɓi harkar goronta daga hannun Saude ba. Na yi mata magana, ta ce, "Kaina ya yarda, 'yar nan. Zuciyata ce ba ta yarda ba. Sai ranar da na duba ekran ban ga komai ba."

Saboda haka ina roƙonka abu uku.

Ka canja mana allon. Ba na neman a mayar mini da kuɗi, kayanku nake so.

Ka sa a riƙa kunna wa kowane mai saye allonsa a gabansa, a buɗe fari, a buɗe baƙi, kafin ya biya. Idan kuma ƙa'idar biyar ɗin nan tana nan, a rubuta ta a inda kowa zai gani, a faɗa wa wanda ba ya karatu da baki.

Na ukun shi ne ya fi mini. Ranar canjin, kada a miƙo mini kwali a rufe. Ka bar ni in zo da Inna, a ba ta kujera, a kunna sabon allon, a buɗe mata farin shafi, a ƙyale ta ta bi shi kusurwa zuwa kusurwa, komai daɗewar da za ta yi. Ba za ta ɓata muku komai ba. Ni dai ina so in tsaya a bayanta, in ji ta faɗa da bakinta cewa babu komai.

Allah Ya buɗa maka kasuwa, Ya kare ka daga asara, Ya raya maka zuri'a. Idan iyayenka suna raye, Allah Ya bar musu ganinsu har ƙarshen kwanansu, idan sun rigaye mu, Allah Ya haskaka makwancinsu. Ka sa mana rana, ko wace ce, za mu zo.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Rakiya mai atamfa,
Lajifarani, Paraku.